Ladan Sauke Siminti

Dogo yana durƙushe a ƙofar shagonsa na walda, yana haɗa ƙarfen taga, sai inuwar mutum biyu ta tare masa haske. Ya ɗage gilashin fuska.

Kawunsa ne da Baffansa. Da safe suka fita cikin fararen kaya masu guga, har da turare. Su ya tura can kan tudu, gidan Mai Siminti, su nema masa auren Auta, 'yar gidan. Yanzu ga su sun dawo fururu tun daga gira har yatsun ƙafa. Baffa yana dafe da ƙugu, Kawu ya riƙo hularsa a hannu.

"Kawu, haɗari kuka yi?"

"Haɗarin me? Aiki muka yi. Ba Baffanka benci, bayansa ya tafi."

Dogo ya kashe inji, ya jawo benci. Ya shafa kafaɗar Kawu, ya murza ƙurar a yatsa.

"Wannan ai siminti ne."

"Mai kyau ma kuwa," in ji Kawu. "Ba irin wanda ake kawo mana nan ba, rabi yashi."

"Don Allah Kawu ka bar wasa, ka faɗa mini."

Kawu ya zauna, ya kakkaɓe hular a gwiwa.

"Mun isa ƙofar nan da ka ƙera musu. Mai gadi ya leƙo, sabo ne, ba wanda ka sani ba. Ya ce daga ina? Muka ce daga gangare. Bai bari mun rufe baki ba ya ce, sai yanzu? Tun hantsi mota ke jiranku. Ya zagaya da mu ta baya. Ga babbar mota shaƙe da siminti, direba yana ta masifa."

"Ba ku ce masa komai ba?"

"Na buɗe baki, ya take mini ƙafa," in ji Baffa, yana harar Kawu.

"Na take. Gidan surukai ne. Ka zo roƙo, ka tarar da aiki a ƙofa, sai ka ce kai ba ka taɓawa? Na ce mu kama musu biyu zuwa uku, in maigidan ya fito a yi dariya a shiga ciki."

"Biyu zuwa uku suka zama arba'in," in ji Baffa.

Dogo ya dubi Kawu.

"Shi maigidan bai fito ba?"

Nan ne Kawu ya daina murmushi.

"Ya fito. Muna wajen buhu na goma. Shi da wani mai gilashi da takalmi mai ƙyalli. Na yi masa sallama da buhu a kaina, ya amsa. Ya dube ni, ya dubi Baffanka. Sai ya juya yana nuna wa mai gilashin inda za a ɗora sabon bene. Da muka gama, mai gadi ya kawo mana wannan."

Ya zaro kuɗi a naɗe daga aljihu, ya ɗaga.

"Ladanmu."

Garin nan kashi biyu ne, kowa ya sani. A tudu akwai kwalta, akwai famfo, wuta in ta ɗauke inji ya tashi kafin mutum ya ƙifta ido. A gangare akwai mutane. Daga gangare ake hawa da asuba a share wa tudu tsakar gida, a dafa, a tuƙa, a yi gadi, da yamma a gangaro da abin da bai isa cefanen kwana biyu ba. Man da injin gidan Mai Siminti ke sha a yini ɗaya ya fi abin da Kawu ke samu a wata a ɗinkin takalma. Saboda haka in mutum ya tsaya a ƙofar tudu ya ce daga gangare yake, babu mai tambayarsa me ya kawo shi. An riga an sani.

Dogo ya miƙa hannu.

"Ba ni kuɗin."

"Kai ka yi gumin? Nawa ne, ina da abin da zan yi da shi." Kawu ya mayar aljihu. "Kuma kada ka je gidan nan da wannan idon."

Dogo ya riga ya hau babur. Ko rigar aikin bai canza ba.

* * *

Shekara biyu da suka wuce shi ya ƙera ƙofar gidan, baƙa, mai ganye biyu, da ƙaramar ƙofa a jiki. Kwana tara ya yi yana kafa ta, kuma a kwana taran nan ya san Auta. Malamar asibiti ce, shekararta ashirin da tara, ta kori masu neman aure har mahaifinta ya daina ƙirga. Na baya-bayan nan shi ne Injiniya, mai gilashin nan, ɗan abokin cinikin mahaifinta.

Kafin ya ƙwanƙwasa, ƙaramar ƙofar ta buɗe. Auta ce, da kayan aiki a jikinta, idonta jawur.

"Na san za ka zo. Tun da na dawo nake tsaye a nan."

"To kin ji."

"Mai girki ta faɗa mini. Wallahi Dogo ban sani ba. Abba ne ya ce in tafi aiki, zancen manya ne, ba a so ina gida."

"Zancen manya. Buhu arba'in. Baffa shekararsa sittin da bakwai."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Mutumin nan tun makon jiya yake yawo yana neman aron takalmi, wai kada ya ba ni kunya a gidanku."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Ka zage ni in kana so. Amma kada ka tsaya a nan kana ce mini gidanku, gidanku, kamar ni na ɗora masa buhun."

"Ba gidanku ba ne? A nan aka haife ki. Kin taɓa jan ruwa a rijiya? Kin taɓa tashi kin ga ruwan sama ya shigo ɗaki yana yawo da takalminki? In kin zo gangare wata nawa za ki yi kafin ki fara kallon uwata irin kallon da ubanki ya yi wa Kawu?"

"Au, haka ne?" Ta matso har yana jin numfashinta. "Shekara biyu kana ce mini mutum ba inda aka haife shi ba ne. Yau da aka zo kaina sai magana ta canza? Kai ma ka tambaye ni daga ina, na ce daga tudu, shi ke nan ka gama sanina. Me ya raba ka da mai gadin can?"

Mai gadi, da ke raɓe a ɗakinsa, ya sunkuyar da kai.

"Ni ban iya jan ruwa ba," ta ce. "Zan koya, in hannuna ya fashe ya warke. Amma in ka zo ne ka ce mini ka fasa, ka faɗa yanzu in shiga in kulle ɗaki in yi kukana. Kada ka bar ni a bakin ƙofa."

"Ni na ce na fasa?"

"To me ka zo yi?"

"Na zo in ji daga bakinsa. Ya san su waye, ko bai sani ba."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta ture ƙofar gaba ɗaya.

"Shigo. Ta gaba."

* * *

Falon sanyi kamar cikin randa. Fararen kujeru sun zagaye teburin gilashi. Mai Siminti yana kan babbar kujera, Injiniya a gefensa da takardar zanen gini a buɗe. Can kusa da labule Umma ce, mahaifiyar Auta, hannunta a cinya, ba ta ɗago ba.

Dogo ya durƙusa ya gaishe su. Babu wanda ya ce ya zauna, sai ya miƙe tsaye.

"Mai walda," in ji Mai Siminti. "Ƙofar ce ta lalace?"

"Ƙofa lafiya lau, Baba. Aikina ba ya lalacewa. Iyayena na turo da safe."

"Na ji. Kuskuren mai gadi ne, sabo ne. Leburorin da na yi kira ba su zo ba, ya ga mutum biyu daga gangare. An biya su, har da ƙari."

"Ba abin da na zo tambaya ke nan ba. Da ka fito ka gan su, ka san su waye?"

Injiniya ya yi 'yar dariya.

"Malam, a yi magana a hankali. Kana cikin falon mutane."

"Kai kuma a wa? Da kai nake?"

"Bar shi," in ji Mai Siminti. Ya gyara zama. "Kai yaro, ni ba na ɓoye magana. Kuskure ne, amma kuskuren ya nuna maka abin da bakina ya yi nauyin faɗa. Mai gadin nan bai san ka ba, bai san ni sosai ba, ba ya gaba da kowa. Ya dube su sau ɗaya ya san inda suka dace. Haka kowa zai dube su ranar da za a tara jama'a. Haka za a dubi jikokina."

"Abba!" in ji Auta.

"Yi mini shiru. Ni ban yi sata ba. Buhu ɗaɗɗaya na fara sayarwa. Ba ni na ce a yi kwalta a nan a ƙi yi a can ba. Ba ni na raba ba. Na samu, na gina, na tarbiyyantar da 'yata cikin sauƙi, sai in ɗauke ta in kai inda mace ke haihuwa a bayan amalanke saboda mota ba ta shiga?"

"Gidaje goma na layin nan," in ji Injiniya, "harajin da suke biya ya fi na gangare gaba ɗaya. Wannan a rubuce yake."

Dogo ya juyo ya dube shi.

"A rubuce yake. To an rubuta inda aka haƙo yashin da aka gina gidaje goman? Bayan ɗakin uwata ne. Ramin yana nan, duk damina sai ya cika ya ci mana katanga. Bututun ruwan da kake wanka da shi ta ƙarƙashin shagona ya bi, ina jin ƙararsa in na kwanta, ni kuma a jarka nake saye. Ka rubuta wannan a gefen takardar."

"Ya isa," in ji Mai Siminti. "Ba taron siyasa na kira ba. Na ga kana da zuciya, kuma hannunka yana da kyau, ban musa ba. Ga magana ɗaya. Muna gina gidaje talatin a bayan tudu, ni da uban wannan. Ƙofofi da tagogi duka naka. Kafin shekara biyu ka tashi daga gangare, ka ɗauke uwarka daga bakin ramin. Abu ɗaya nake so. Ka fita ta ƙofar can, kada ka sake kiran 'yata."

Auta ta dubi Dogo. Gidaje talatin ba wasa ba ne, ita ma ta sani. Aikin shekara goma ne a shagonsa.

Dogo ya tuna katangar uwarsa da ya tokare da gungumen itace. Ya dubi Mai Siminti.

"Baba, na gode. Ƙofa nake sayarwa, ita kaɗai. In kana son talatin ka aiko shago a yi ciniki, da Auta ko ba Auta. Uwata kuma ta fi son bakin ramin da ta ji da me aka ɗauke ta."

"To ka zauna a ramin."

"Ina ciki tun da aka haife ni, ban nutse ba. Har yanzu ba ka amsa mini ba. Ka san su waye?"

Kafin ya amsa, hayaniya ta taso daga waje. Muryar mai gadi tana cewa, "Baba, ta baya, ta baya ake bi!" Wata murya ta ce, "Na bi ta baya da safe, ɗana, na ga abin da ke can. Matsa."

Aka yi sallama. Labulen ƙofa ya ɗaga.

* * *

Kawu ne. Bai canza kaya ba, bai wanke fuska ba. Hular ce kawai ya mayar kansa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ya jera su, ya tako kan kafet, kowane taku yana barin sawu fari.

"Maigida, barka da hutawa. Uwargida, barka da gida. 'Yata, sannu, daina kukan nan, kin ɓata ido."

Ya zo gaban tebur, ya zaro kuɗin, ya ajiye a kan zanen ginin Injiniya, ya danne da yatsa.

"Ga saƙonka."

"Haƙƙinku ne," in ji Mai Siminti. "Kun yi aiki."

"Mun yi, kuma mun yi shi da kyau, ko buhu ɗaya bai fashe ba, ka aika a duba. Amma ni ban yi makaranta ba, abu biyu na sani. In mutum ya taya surukinsa aiki, ba a biyansa. In lebura ya yi aiki, ana biyansa ya tafi. To ga kuɗi nan. In ka mayar aljihunka, mun taya surukinmu sauke kaya, sai a ba mu wuri mu faɗi abin da ya kawo mu. In ka ce in ɗauka, zan ɗauka, ba na raina gumina. Amma sai ka dube ni ka faɗa da bakinka, a gaban 'yarka, cewa mu leburori ne. Ba ta hannun mai gadi ba."

"Dattijo, kana cikin gidana."

"Na sani. Na ɗauki wani sashe nasa a kaina ɗazu."

Auta ta yi dariya cikin kuka, ta toshe baki. Fuskar Mai Siminti ta haɗe. Ya dubi kuɗin, ya dubi Kawu. Mutum ne da ya kori direbobi da magina ba adadi, amma duk ta bakin wani.

Auta ta taka zuwa teburin.

"In Abba ba zai karɓa ba, ni zan karɓa."

"Tsaya nan!" Ya miƙe tsaye. "Wallahi duk wanda ya taɓa kuɗin nan a gidan nan, ya bi su gangare, kada ya sake tako mini ƙofa. Ke, in kika sa hannu, ba ni ba ke."

"Abba, don Allah kada ka sa ni zaɓa."

"Na sa ki."

Ta miƙa hannu. Dogo ya ce a hankali, "Auta, kada ki yi don ni." Ta ce, "Ba don kai ba ne." Ta sunkuya.

Wani hannu ya riga ta.

Babu wanda ya ga tashin Umma. Shekara talatin da biyar tana gidan, ba a taɓa jin ta ɗaga murya a gaban baƙo ba. Ta ɗauki kuɗin, ta ninke, ta ƙulle a bakin mayafinta.

"Ke!" in ji Mai Siminti. "Kin ji abin da na ce?"

"Na ji." Ba ta dube shi ba, Dogo ta duba. "Ka yi tambaya sau biyu ba a ba ka amsa ba. Ya sani. Ni ma na sani. Ina tagar sama tun buhu na farko. Na ga farin kaya, na ga guga, na ce a raina wane lebura ne ke sa turare ya zo sauke siminti. Na sauko na ce masa baƙin Auta ne. Ya ce in koma ciki. Na koma. Na tsaya a taga ina kallon tsohon can yana dafe baya, har na arba'in, ban iya buɗe baki ba. Tun azahar abinci ya ƙi wuce mini."

Ta juya ga Kawu, ta ɗan rusuna.

"Ku yafe mini. Mun gode da taimako."

Sai ta dubi mijinta.

"Ka ce wanda ya taɓa ya bi su gangare. In da gaske kake, ka faɗa wa direba. In kuma mota ba ta shiga, ƙafata lafiya lau."

Injiniya ya jawo takardarsa ya fara naɗewa, a hankali, kamar mai gudun kada ta yi ƙara. Mai Siminti yana tsaye, bai ce a kira direba ba, bai kuma zauna ba.

Umma ta leƙa ƙofar ciki ta ɗaga murya.

"A kawo ruwa, a kofin baƙi! Kawu, bismillah, ga wuri."

Kawu ya dubi farar kujerar da ta nuna, ya dubi rigarsa.

"Uwargida, zan ɓata muku ita."

"Simintin gidan ne," in ji Umma. "Zauna."

Ya tattara rigarsa ya zauna daidai gaban Mai Siminti, ƙura ta ɗan tashi ta sauka a kan gilashin tebur. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"To, maigida. Kamar yadda na so in faɗa maka da safe, ɗanmu ne ya ga 'yarku."